Labule a Idona na Hagu

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar ina hoton zobe, ku yi haƙuri. Zoben yana nan a yatsana, amma ba shi ne labarin ba. Yau zan faɗa muku abin da na ɓoye wa Mama, na ɓoye wa Baba, na so in ɓoye wa Tyrel Allah bai nufa ba. In kun gama karantawa kuka zage ni, ba zan ce kun yi laifi ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa shafin nan, sunana Rayna Hovland, a gabashin Montana aka haife ni, a gidan gona mai shanu. Sana'ata ɗaukar hoto a filin rodiyo, inda maza ke hawan bijimi suna neman su yi daƙiƙa takwas a bayansa. Ba daga bayan shinge nake ɗauka ba. A cikin filin nake tsayawa, ƙafata a cikin ƙasar da bijimin yake tonawa.

Ba a rana ɗaya na shiga filin nan ba, don Allah ku riƙe wannan. Ina 'yar makarantar sakandare na saci kyamarar Mama, wadda take ɗaukarmu da ita ran Kirsimeti, na tafi da ita baje kolin dabbobi na gundumarmu. Na ɗauki wani yaro yana faɗowa daga bayan tunkiya, uwarsa ta ga hoton ta ba ni kwalbar zuma. Shi ke nan kaina ya juye. A wurin na haɗu da Baba Delbert, tsohon mai hoton da bijimai suka karya wa haƙarƙari har ya daina lissafi. Na ɗauki jakarsa shekara da shekaru. Na yi ɗauka ta tsakanin ƙarafan shinge rana tana gasa min ƙeya. Don in ci abinci na ɗauki amare, na ɗauki jarirai, na ɗauki 'yan makaranta har na tsani jin bakina yana cewa a yi murmushi.

Abu ɗaya Baba Delbert ya fi nanata min, har yakan ranƙwashe ni a kansa.

"Ido biyu a buɗe, 'yar nan. Na dama na kyamara ne, na hagu naki ne. Gilashin nan maƙaryaci ne, ba zai gaya miki bijimi ya iso ba. Ranar da kika runtse na hagu, ranar za a kwashe ki."

Shi ya tsaya min a gaban ƙungiyar masu shirya rodiyo aka ba ni izinin gwaji na kakar wasa ɗaya a cikin fili. Bai ga ranar da na fara shiga ba, sanyin bara ya tafi da shi. Duk wasan da na je akwai mutumin ƙungiya a zaune yana duba yadda nake tsayawa da irin hotunan da nake fitarwa. Wasan ranar Asabar shi ne na ƙarshe. In na yi shi, katin shiga fili ya zama nawa. In ban je ba, in koma bayan shinge in nemi wani ya sake tsaya min, kuma ban san wani mai rai da zai yi ba.

To, idon nan na hagu shi ne ya fara mutuwa.

Da tartsatsi ya faro, kamar wani yana kunna fitilar kyamara a gefena. Sai baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo kamar ƙudaje. Na ce gajiya ce. Ran Laraba da safe na buɗe ido na ga wani abu baƙi ya rufe min gefen hagu, kamar an ja labule daga wajen kunnena. Na wanke fuska, na murza, na yi addu'a, labule yana nan. Ran Alhamis na ce wa Mama zan je birnin Billings sayen batir, na ja akori-kurata na tafi wurin likitan ido.

Likita Prewitt mace ce 'yar siririya, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ɗiga min magani, ta haska, ta ja kujera ta zauna a gabana.

"Fatar da ke shimfiɗe a bayan idonki ta fara ɓallewa," ta ce. "Bai kai tsakiya ba tukuna, wannan ce sa'arki. Gobe da safe zan yi miki aiki. Bayan nan za ki kwanta ruf da ciki na kwanaki, ba ɗaga kai."

"Likita, a bar shi Litinin mana."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Me za ki yi da ya fi idonki?"

"Ina da aiki ran Asabar."

"Wane irin aiki?"

Da na gaya mata sai ta yi min irin kallon da ake yi wa mahaukaci.

"Ki ji ni da kyau, Rayna. Abin nan tafiya yake yi, ba ya jiran Litinin. In ya kai tsakiya, ko na yi aikin ba lallai ganin ya dawo ba. Faɗuwa ɗaya, gudu ɗaya mai jijjiga, ya isa ya ƙarasa shi."

Na ce na ji. Na ce zan kira. Na zauna a mota na yi kuka har hancina ya toshe, sannan na tsaya a shago na sayi batir ɗin don kada Mama ta tambaya. A hanyar dawowa kaina a karkace nake tuƙi, ina leƙen gefen hagu da idon dama, duk motar da ta wuce ni sai gabana ya faɗi.

Kafin in isa gida saƙo ya shigo daga asibitin: "An ajiye miki gurbi gobe da safe. Don Allah ki tabbatar mana." Ban amsa ba. Ƙarƙashinsa na Mama: "Gobe Tyrel zai ci abincin rana da mu. Ki wanke gashin nan naki, kuma kada ki fito min da rigar aiki." Ƙarƙashin nata kuma na Tyrel: "Malama mai hoto, an ce gobe akwai gasasshen nama a gidanku. Ki rage min."

Tyrel Ostby, ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mutumin da nake so, kuma aikinsa ya fi nawa hauka. In bijimi ya kayar da mahayi, Tyrel ne ke shiga tsakaninsu da jikinsa, ya ja hankalin dabbar ta biyo shi har wanda ya faɗi ya tsira. Su biyu ne a fili suke wannan aiki. Ba shi da makami, sai ƙafa da ido.

Ran Juma'a tun da safe gidanmu ya ɗauki ƙamshi. Mama ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur na kakarmu, wanda ba ya fitowa sai ran Ista. Ta dafa dankali ta daka shi da man shanu, ta gasa kek ɗin tuffa guda biyu, Baba yana waje yana juya haƙarƙarin sa a kan garwashi, yana ɗingisawa da ƙugun da bijimi ya farfasa masa tun ina goye. Ni kuwa ko tambayar kaina ban yi ba me ya kawo wannan shagali. Hankalina yana kan labule, wanda ya ƙara matsowa cikin dare.

Mama ta faɗo ɗakina ba sallama, riƙe da shuɗiyar doguwar rigata mai ƙananan furanni.

"Wannan za ki sa. Kuma wa ya ce ki ɗora malafa a kan gado? So kike ki jawo mana masifa ana gobe wasa?" Ta fizge malafar ta rataye a ƙusa, ta tofa addu'a.

"Mama, camfi ne fa."

"Camfi ne, amma ubanki a kan gado ya ajiye tasa ranar da aka kawo min shi a kwance." Ta zauna a bakin gadon tana gyara wuyan rigar. "Na yi magana da matar mai shagon nan na kusa da gidan waya. Har yanzu ba wanda ya kama shi. Ga taga babba, ga haske. Ki sa sunanki a ƙofa, ki ɗauki amare da jarirai kamar kowace mai hankali."

"Mun sha yin maganar nan."

"Za mu ƙara. Na ba filin nan miji, ya dawo min da rabi. Yanzu ga ki, ga yaron nan Tyrel. Ni kaɗai Allah ya halitta don zaman jiran mugun labari? Ko ciwon kai kika yi, wallahi sai na sa Babanki ya ɓoye makullin motarki."

Kun ji dalilin da ya sa bakina ya ƙi buɗuwa. Ina son Mama, amma da ta ji kalmar likita, da an gama. Tana tsaye ta gefen hagu tana magana, muryarta kawai nake ji, ita ba na ganinta. Tsoro ya sa na juya mata fuska gaba ɗaya kamar mai ladabi, har ta yi mamaki.

Tyrel ya zo da farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, ya aske, ya shafa turaren da na saya masa. Ya gaida Baba, ya ba Mama furanni, ya dube ni ya ce, "Ashe kina da ƙafafu? Na ɗauka da wandon jins aka haife ki." Na harare shi. Muka ci abinci a baranda, ana hirar farashin ciyawa da ruwan da ya ƙi zuwa. Ni dai tura abincin nake yi.

Bayan an kwashe kwanuka Mama ta ce in zauna a kujerar lilo in nuna wa Baba hotunan makon jiya. Baba yana damana, na buɗe kwamfuta a cinya ina nuna masa. Ina ta bayani: ga inda bijimin ya ɗaga ƙafafu huɗu, ga inda igiya ta kwance. Na ɗaga kai na ga Mama a gabanmu ta saita ni da wayarta tana ɗauka, tana dariya tana share hawaye.

"Mama, lafiya?"

"Ke dai Allah ya shirye ki," ta ce. "Jan ajin ya isa haka, gwiwar bawan Allah za ta ƙage."

Na juya kaina hagu.

Tyrel ne a durƙushe a kan gwiwa ɗaya, dab da hannun kujerata, riƙe da ƙaramin akwati a buɗe. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Daga baya na ga abin da Mama ta ɗauka, ya daɗe, ya daɗe sosai, har murmushinsa ya fara dusashewa yana kallon gefen fuskata. Da idonmu ya haɗu ba farin ciki na gani a fuskarsa ba. Kallon da yake wa bijimi kafin a buɗe ƙofa, shi yake min.

"Rayna," ya ce a hankali, "za ki aure ni?"

Na ce e. Da gaske na faɗa, Allah ya sani. Mama ta yi guɗa irin tata, ta rungume mu, ta ruga kiran Anti Lorna a waya. Baba ya miƙa wa Tyrel hannu, ya daɗe yana dubana, sannan ya tashi ya koma wurin garwashinsa da ya riga ya mutu.

"Zo mu duba dawaki," in ji Tyrel.

Muka taka har bayan rumbun ciyawa. Zoben ya ɗan yi min yawa, ina ta juya shi da babban yatsa. Sai na ji wani abu ya bugi kafaɗata ta hagu ya faɗi ƙasa. Makullin motarsa ne. Wasanmu ne tun da daɗewa, ya jefo min abu ba zato in cafke ba tare da na waiwaya ba.

Bai sunkuya ya ɗauka ba. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ki maida ni yaro. Ke da kike ganin ƙuda ta bayan kunnenki. Tun yaushe?"

Na faɗa masa duka, da tartsatsin, da labulen, da likitar, da gurbin da aka ajiye min da safiyar nan na ƙi zuwa. Ya cire malafarsa ya riƙe ta da hannu biyu.

"Shiga mota," ya ce. "Yanzu mu tafi Billings."

"Litinin."

"Rayna."

"Wasa ɗaya ne ya rage, Tyrel. Ɗaya. Ka san shekarun da na yi a bayan shingen nan. Ka san ba ni da wani Baba Delbert."

"Katin banza za ki saya da idonki?"

"Kai da me kake sayen naka? Sau nawa na zauna a ƙofar ɗakin ɗori ina jiranka? Na taɓa ce maka ka bari?"

Ya san gaskiya ce. Ya juya ya kama ƙarfen shinge, ya yi magana bayansa yana gare ni.

"Kin san abin da ya sa nake iya aikina kina cikin fili? Don ba na kallonki. Ranar da kika fara shiga na ce wa kaina, wannan ta fi ni ido, ba ruwana da ita. Idona yana kan bijimi da wanda ke bayansa, shi ke nan. Yanzu kin gaya min wannan, kin ce gobe in yi yaya?"

"Ka yi yadda ka saba. Kada ka kalle ni."

"Haka ake yi? A kashe kamar fitila?" Ya juyo. "Zan gaya wa Mista Gustafson. Shi ke da fili, shi zai hana ki shiga."

Abin da na ce bayan nan, har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na kama zoben na zaro shi har rabin yatsa.

"In ka gaya masa, ka haɗa da wannan ka tafi."

Ya kalli zoben, ya kalle ni. "Ko kwana bai yi ba, Rayna."

Ya sunkuya ya ɗauki makullinsa, ya kaɗe ƙasar da ke jiki, ya je ya yi wa su Mama sallama da fara'a kamar ba abin da ya faru. Da yamma na tura masa saƙo: "Ka yi haƙuri da abin da na ce." Ya karanta. Na sake turawa: "Ka yi min alkawari ba za ka kalle ni ba." Ya karanta. Can sai ga amsa: "Allah ya kai mu."

Ran Asabar na farka labule ya cinye kusan rabin idon. Na rufe na dama don in gwada, na ga rabin tagar ɗakina kawai, sauran babu. Na zauna a ƙasa na rungume gwiwa. Asibiti sun sake turo saƙo, wannan karon likitar da kanta: "Ina bakin aiki yau. Ki zo ko yaushe, zan bar komai." Na kife wayar. Na sa wandon jins, da riga mai dogon hannu ruwan toka kamar yadda dokar fili ta ce, da takalman fata, na ɗaure gashina na danna malafa. Zoben na zura shi a sarƙa na jefa cikin riga, don ba a shiga fili da abu a yatsa.

Ina loda jakunkuna a mota Baba ya ɗingiso ya jingina da ƙofar. Ya daɗe yana kallon sararin sama kamar mai neman hadari.

"In kin shiga," ya ce, "ki tsaya ta gefen da shinge zai zama a hagunki. Ki manna kafaɗarki da shi."

Na daskare. "Baba..."

"Ban ce komai ba. Ni ma na hau da karyayyen hannu, uwarki ba ta sani ba har yau. Ba ni da bakin hana ki." Ya dafa kafaɗata. "Ki dai sa shinge a hagunki."

Na ce to, na rantse masa.

Filin ya cika maƙil, har su Mama sun zo suna zaune can sama cikin 'yan kallo. Ƙamshin soyayyen dankali da warin kashin shanu, kiɗa yana tashi a lasifika, yara a kan shinge. Mutumin ƙungiya yana zaune a sama kusa da mai sanarwa, ya ɗaga min hannu. Charmaine, matar Lorne Pettibone, ta tare ni da tagwayenta mata biyu, ta ce, "Rayna, yau mijina zai hau Suruka, ki ɗauko min mai kyau, a falo zan rataye." Na yi dariyar dole. Suruka wani baƙin bijimi ne da kowa ya sani, an sa masa sunan ne don ba ya barin mutum ko ya faɗi, sai ya bi shi.

Na shiga na tsaya inda Baba ya ce, shinge a kafaɗata ta hagu. Na ji sanyi a raina. Na ɗaga kyamara na saita ƙofofin da bijimai ke fitowa, sai rana ta dake ni a fuska. Daga wannan gefen, a wannan lokacin, duk abin da na ɗauka baƙin inuwa zai fito, ba fuska, ba ido, ba komai. Na gwada biyu na duba, shara. Hoton da ko ɗan koyo ba zai nuna ba, balle a ranar da ake auna ni.

Na kalli ɗaya gefen. Can rana za ta koma bayana, haske zai sauka a kan mahayi kamar an zuba masa zuma. Can kuma shinge a damana zai kasance, haguna a buɗe ga fili gaba ɗaya.

Duk mai hoto da ke karanta wannan ya san abin da na yi. Ƙafafuna ne suka tafi da kansu. Na tsallaka.

Tyrel yana tsakiyar fili da abokin aikinsa, cikin rigarsa mai ja da fari, yana ɗaure igiyar takalmi. Ya ɗago ya ga na tsallaka. Da aka zo buɗe ƙofar farko sai na lura ba a wurinsa yake tsaye ba. Ya ja baya, ya matso wajena, ya tsaya ta haguna, daidai bakin labulen. Abokinsa ya yi masa alama da hannu ya matso, ya yi kamar bai gani ba.

Bijimi na farko ya fito, ya kayar, ya koma. Na biyu haka. Na uku ya zagayo ta gefena, ban san ya zo ba sai da na ji ƙasa tana girgiza da muryar Tyrel yana masa tsawa, ya janye shi. Gumi ya jiƙa min riga. Na ce wa kaina, saura kaɗan, Rayna, saura kaɗan ki fita ki wuce Billings a yau ɗin nan.

Mai sanarwa ya kira sunan Lorne Pettibone da Suruka, fili ya ɗauki ihu.

Na durƙusa a gwiwa ɗaya, na manna kyamara a idon dama. Lorne ya gyaɗa kai, aka ja ƙofa. Suruka ya fito kamar an harbo shi, ya yi sama, ya juya, ya sake juyawa. Yatsana yana ta aiki, hasken kuwa ba a magana. A juyi na gaba Lorne ya zame ta gefen da bai kamata ba, ya sauka, amma hannunsa bai fita daga igiyar da ke ɗaure a jikin bijimin ba. Ya maƙale. Bijimin yana jan sa yana wujijjiga shi a jikinsa, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya ya tare kan bijimi, ɗaya ya faɗa kan bayansa ya kwance igiya. Abokin Tyrel ya riga ya isa wajen kai. Na karkata kyamara ina neman Tyrel a inda ya kamata ya kasance, babu shi. Na ƙara karkatawa hagu, sai ga fuskarsa ta cika min gilashi.

Ni yake kallo. Mutum yana rataye a jikin bijimi, Tyrel yana duba ko ina lafiya.

"Tafi," na ce, ko na yi ihu, ban sani ba.

Ya juya ya zabura, amma ya makara, kuma daga nesa ya taso. Suruka ya riga ya kauce wa abokinsa ya yanko ta wajenmu da Lorne a rataye. Na ga Tyrel ya yi tsalle, na ga hannunsa ya kai ga igiyar, na ga baƙin kan bijimin ya sunkuya ya juyo. Sai su uku suka wuce hagu, suka shige cikin labulen.

Na ji wani sauti, kamar an jefar da buhun hatsi daga saman mota. Kiɗan lasifika ya yanke. Mai sanarwa, mutumin da ba ya shiru ko wuta ta tashi, ya yi shiru. Daga can sama na ji muryar mace ɗaya tana kiran sunan Tyrel, kuma ba Charmaine ba ce, Mama ce.

Suna nan dab da ni, ina jin hucin bijimin. Kaina kawai zan juya kaɗan in gani. Ina durƙushe, kyamara a fuskata, wuyana ya ƙi motsi.